Wa Ya Tsayar Da Motar Marek? Hasashen Masu Kallon Dark A Gaban Kimiyya

Gargaɗi tun kafin mu yi nisa: idan ba ka gama kallon Dark ba kuma kana da niyya, ajiye wannan rubutu sai ka gama, domin za mu tona ƙarshensa kaf. Idan ka gama, ko kuma ba ka damu a tona ba, to bismillah.

Dark shiri ne mai dogon zango daga ƙasar Jamus, wanda Baran bo Odar da Jantje Friese suka yi wa Netflix. Zango uku ne, kashi 26, ya fara fita a Disamban 2017, zangon ƙarshe kuma ranar 27 ga Yunin 2020, wato ranar da labarin kansa ya ce duniyar cikinsa za ta tashi. An kammala shi da daɗewa, amma gardamarsa ta ƙi mutuwa. Ko a Netflix ka kalle shi, ko an tura maka a waya a shagon masu tura fina-finai, da wuya ka rasa wanda zai tare ka da nasa hasashen: wai duniyoyin ba uku ba ne, ba su ma da iyaka, wai ƙarshen shirin mafarin wani zagayen ne, wai kimiyyar kwantum ta riga ta tabbatar da komai. Wannan zance na ƙarshe shi ya sa muka tsoma baki. Yawancin hasashen da ake yi kan "wata duniyar da abubuwa suka tafi daban" suna zuba abubuwa mabambanta a tukunya ɗaya, a juya, a kira shi kimiyya. Kuma ba masu kallo kaɗai ke da laifin ba, shirin da kansa ya yi wannan kwaɓar a zangonsa na uku.

Labarin a wani ƙaramin gari ne na ƙage mai suna Winden. Kusan kowane gida a garin daga tashar wutar nukiliya yake ci, kuma a ƙarƙashin tashar akwai wani kogo da aka ɓoye gangunan dagwalon nukiliya a ciki, manya sun sani sun yi shiru. Wanda ya tashi a Nassarawa, a gefen Bompai, ko yake da ɗan'uwa mai aiki a Sharada ko Challawa, ba ya buƙatar dogon bayani kan irin wannan gari: masana'antar da ke ciyar da kai ita ce ke ɓata maka ruwa, kuma ba kowa ke son a yi maganar ba. A cikin kogon akwai wata hanya da ke jefa mutum shekara 33 gaba ko baya: 1953, 1986, 2019.

Wannan lamba ta 33 ba daga sama marubutan suka tsinko ta ba, kuma kai ka fi Bajamushe saninta. Shekarar wata ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa sanyi zuwa damina, sai bayan kusan shekara 33 ya dawo inda ya faro. Duba kalanda ka gani: a 1953 cikin watan Mayu aka kama azumi, a 1986 ma Mayu, a 2019 ma Mayu. Lissafin gaskiya ne. Sai dai haɗuwar kalanda biyu ba ta buɗe wata ƙofa a cikin dutse. Ado ne marubuci ya yi, kuma ya yi kyau.

Zoben da ba shi da baki

Abin da ya sa Dark ya fi takwarorinsa, a ganinmu, shi ne a zango biyun farko ya kafa doka guda ya kuma yi mata biyayya: abin da ya faru ya faru, tarihi ɗaya ne tal. In ka koma baya, duk abin da ka yi a can dama yana cikin tarihin da ya haife ka.

Yaro Mikkel ya ɓace a kogo a 2019, ya ɓulla a 1986, wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe shi, ya girma da sunan Michael, ya yi aure ya haifi Jonas. Ashe Martha, yarinyar da Jonas ke so, gwaggonsa ce. Mahaifin Mikkel kuwa, ɗan sanda Ulrich, ya bi sawun ɗansa ya zarce har 1953, ya tarar da Helge yana ɗan yaro, Helgen da ya san zai girma ya taimaka wajen satar yara. Ya ɗauki dutse ya rotsa masa kai don ya kashe matsalar tun tana ƙwai. Helge bai mutu ba. Ya tashi da tabo da raunin zuciya, kuma wannan raunin ne ya sa ya zama mai sauƙin juyawa a hannun mugu. Gudun gara, an tadda zago. Ko da wannan kashi kaɗai aka tsaya, shirin ya biya kuɗinsa.

Wannan tsari yana da gindi a kimiyya fiye da yadda kake zato. Tun 1905, sannan 1915, Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya gudu daidai ga kowa. Gudu da ƙarfin janyowar ƙasa suna canza shi. An auna, ba labari ba ne. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba, taswirar wayarka za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 a rana. Wannan tafiya gaba ce. Komawa baya kuwa, a takarda kawai take. A 1949 Kurt Gödel ya gano cewa lissafin Einstein ya yarda da wata irin duniya mai juyawa, inda hanya za ta iya lanƙwasa ta dawo da kai jiya. A 1988 Kip Thorne da abokan aikinsa Michael Morris da Ulvi Yurtsever suka nuna yadda wani rami mai haɗa wurare biyu masu nisa zai iya zama injin lokaci, in har za a samu wani irin abu mai makamashi ƙasa da sifili da zai riƙe bakin ramin a buɗe. Har yau ba wanda ya ga irin ramin.

To in an koma baya, me zai hana mutum ya kashe kakansa? Masanin Rasha Igor Novikov ya ba da amsa a shekarun 1980: tarihin da ya ci karo da kansa ba ya cikin abubuwan da za su iya faruwa tun farko, wanda ya daidaita da kansa ne kaɗai ke samuwa. An gwada wannan a lissafi da ƙwallon sunuka. Ka buga ƙwallo ta shiga rami, ta fito daƙiƙa ɗaya kafin ta shiga, ta nufi kanta don ta hana kanta shiga. A 1991 Thorne da ɗalibansa biyu suka nuna cewa a irin wannan yanayi ana samun mafita: ƙwallon ta fito a ɗan karkace, ta gogi kanta kaɗan, wannan gugar ce kuma ta sa ta shiga ramin a karkace. Ulrich da Helge ke nan, babu ragi babu ƙari.

Akwai dai wuraren da shirin ya yi wa kimiyya kwaskwarima ko a nan. Injin Thorne ba zai iya kai ka lokacin da ya gabaci ƙera shi ba, alhali a Dark hatsarin 1986 ne ya buɗe hanya har zuwa 1953, daga baya ma aka dangana da 1921 da 1888. Sannan baƙin dunƙulen nan mai shawagi da suke alaƙantawa da ƙwayar Higgs: ƙwayar gaske ce, an gano ta a cibiyar CERN a 2012, amma ka raba daƙiƙa gida biliyan, ka sake raba kashi ɗaya gida biliyan, har yanzu ya fi tsawon rayuwarta. Ba abin zubawa a tulu a tafi da shi ba ne. Waɗannan ba su dame mu ba. Kowane ƙagaggen labarin kimiyya yana da haƙƙin ƙarya ɗaya ko biyu a matsayin jari, sharaɗin kawai kada ya riƙa canza ta a tsakiyar ciniki.

Lokacin da shirin ke kan wannan doka, hasashen masu kallo ya yi armashi, domin akwai abin auna shi. Ɗauki wanda ya fi yaɗuwa bayan zango na biyu: wai Adam, tsohon nan mai ƙonanniyar fuska da ya ce shi ne Jonas bayan ya tsufa, ƙarya yake yi, wani ne daban ya fake da tabo. An kawo hujjoji, an ambaci sunayen waɗanda ake zargi. Zango na uku ya zo ya nuna ai Jonas ɗin ne. Hasashen ya faɗi, amma hasashe ne mai mutunci, tunda ya faɗi abin da za a iya ƙaryatawa. Kuma in ka lura, abin da ya haife shi shi ne ƙin yarda cewa yaron kirkin da muke so zai iya zama wannan dodo. Son rai ne ya sa rigar hujja, abin da mu ma masu bincike muke fama da shi a ɗakin gwaji kullum. Wasu kuma suka kalli tambarin nan mai kusurwa uku da ke jikin ƙofar kogo da littafin Noah, suka ce tunda an nuna duniya biyu, dole akwai ta uku. Waɗannan sun ci.

Inda kyanwa ta shigo

A ƙarshen zango na biyu, Adam ya harbe Martha a gaban Jonas, sai ga wata Marthar ta shigo da wani salon gashi daban, daga wata duniyar inda Mikkel bai ɓace ba, don haka ba a taɓa haihuwar Jonas ba. Daga nan doka ta fara laushi. Zango na uku ya ƙara da cewa a daidai lokacin tashin duniyar, lokaci yana tsayawa na ɗan ƙiftawa, sai abu biyu masu karo da juna su faru duka: a ɗaya Martha ta ceci Jonas ta tafi da shi, a ɗayan an tare ta, ya ɓuya a ɗakin ƙasa ya rayu har ya zama Adam. Don a gamsar da kai, sai aka kawo Tannhaus mai gyaran agogo yana bayanin kyanwar Schrödinger, aka kuma jefo kalmar sarƙewar kwantum.

Nan ne masu hasashe suka samu filin sukuwa. Duk ramin da ka nuna musu a labarin, sai a ce maka ai a wani reshen ne. Me ya sa wane bai tuna kaza ba? Wani reshe. Ina wance ta shiga? Wani reshe. Hasashen da ke da amsar kowace tambaya tun kafin a yi ta, babu abin da ya gaya maka.

Bari mu warware zaren a hankali. A 1935 Erwin Schrödinger ya kawo misalin kyanwa a cikin akwati, da kwalbar guba da za ta fashe idan wata ƙwayar zarra ta rushe. Lissafin kwantum ya ce kafin a duba, ƙwayar tana cikin hali biyu a haɗe, ta rushe kuma ba ta rushe ba. In an bi lissafin ido rufe, kyanwar ma tana mace kuma tana raye. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba, Schrödinger ya kawo misalin ne don gatse, yana nuna cewa akwai abin da bai zauna daidai ba a fahimtar zamaninsa. A 1957 wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar Princeton, Hugh Everett, ya ce to mu ɗauki lissafin da gaske: duka biyun sun faru, mai buɗe akwatin ma ya rabu biyu, ɗaya ya ga gawa, ɗaya ya ga kyanwa tana miƙa. Daga baya Bryce DeWitt ya yayata wannan fassara da sunan duniyoyi masu yawa. Akwai manyan masana da suka yarda da ita har gobe, akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma babu gwajin da ya raba gardamar.

Amma ko ka yarda da Everett ɗari bisa ɗari, ga inda gizo ke saƙa: dalilin da ya sa rassan suka zama rassa shi ne sun daina taɓa juna. Hali biyu na kwantum suna iya zama a haɗe ne muddin babu abin da ke kewaye da ya "ji labari". Da zarar ƙwayar iska ɗaya ko ɗigon haske ɗaya ya bugi abin ya wuce, ya tafi da labarin halin da yake ciki, ya kai wa na gaba, na gaba ya kai wa na gabansa. Magana zarar bunu. H. Dieter Zeh ya fara fayyace wannan a 1970, Wojciech Zurek ya faɗaɗa shi a shekarun 1980.

In kana son ka gan shi da ido, je ka tsaya a bakin rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai ya kai shi Jakara, daga nan ya gangara dam ɗin Wasai. A bakin bututu kana iya nuna wa mutum: wannan jan daga rini ne, wancan mai kumfa daga majema. Bayan kilomita kaɗan ruwa ɗaya ne mai launin toka. Babu wata doka a kimiyya da ta haramta wa kowane ɗigo ya juya ya koma bututun da ya fito, amma kai ma ka san ba za ka zauna jiran hakan ba. Haka rassan Everett suke. Kafin Jonas na wannan reshe ya gamu da wani daga wancan, sai an tattaro kowace ƙwayar iska da haske da ta taɓa su an mayar da ita inda take. Masu bincike a Vienna, ƙarƙashin Markus Arndt, sun yi nasarar nuna wannan hali biyu a dunƙulen da ya kai ƙwayoyin zarra 2,000 a 2019, a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, kuma aka yi ta murna a duniyar kimiyya. Jikinka yana da ƙwayoyin zarra kimanin 7 da sifili 27 a bayanta, ga ɗumi, ga numfashi.

Sarƙewar kwantum ma gaskiya ce, a kanta aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022. Ƙwayoyi biyu da suka sarƙe, in ka auna ɗaya a Kano ɗaya a Maradi, sakamakon zai dace da juna fiye da yadda tsohuwar kimiyya za ta iya bayani. Amma ba za ka iya aika ko da harafi ɗaya ta wannan hanya ba, balle mutum da rigar ruwansa.

Kada ka ce ai fim ne, mene ne na zafi. Zafin shi ne kalmar tana fita daga fim ta shiga kasuwa. Ka taɓa ganin na'urar nan da ake ce wa ta kwantum, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, cikin minti ɗaya kwamfuta ta zayyano maka ciwon hanta da na ƙoda da ƙarancin sinadarai, sannan a nuna maka maganin da za ka saya a teburin gefe? Babu wani abu na kimiyyar kwantum a cikinta sai sunan. Wanda ya saba jin "ai kwantum ne" a matsayin amsar da ke rufe baki a gardamar fim, shi ne zai miƙa hannu ya riƙe ƙarfen ba tare da tambaya ba.

Gadar da aka ce an rufe

Yanzu ga babbar gardamar. Claudia, wadda ta fi kowa kai a shirin, ta gano cewa duniyoyin biyu duka tsagi ne na wata ta asali. A can, a 1971, ɗan Tannhaus mai suna Marek da matarsa Sonja da jaririyarsu suka mutu a hatsarin mota a kan gada. Uban ya kasa haƙura, ya shafe shekaru yana ƙera injin da zai dawo da su, ya kunna shi a Yunin 1986, sai duniyarsa ta tsage biyu. Jonas da Martha suka je wannan dare na 1971, suka tsaya a kan titi, suka ce wa Marek an rufe gada. Ya juya gida. Ba hatsari, ba inji, ba tsagewa. Jonas da Martha da duk wanda zoben ya haifa suka narke suka bi iska.

To wa ya tsayar da motar?

In babu inji, babu Jonas. In babu Jonas, Marek ya hau gada. In ya hau gada, akwai inji. Wannan shi ne ainihin rikicin kashe kaka da shirin ya shafe kashi 25 yana gaya mana ba ya yiwuwa. Ka tuna har bindiga aka ba Jonas ya ɗora a kansa ta ƙi tashi, saboda tsohonsa yana nan a gaba.

Masu kare ƙarshen suna da amsoshi, kuma mafi ƙarfinsu ta cancanci a saurare ta. A 1991 David Deutsch na jami'ar Oxford ya haɗa tafiyar lokaci da fassarar Everett, ya ce mai komawa baya yana sauka ne a wani reshe daban da wanda ya baro. Ka kashe kakan wancan reshen, naka kakan yana nan lafiya a inda ka fito, babu karo. Da wannan, Jonas da Martha baƙi ne daga reshen da hatsarin ya faru, sun zo sun haifar da reshen da bai faru ba. Lissafi ya zauna. Matsalar ita ce in haka ne, ba su da dalilin narkewa. Sai su tsaya a bakin titi a 1971, ba takardu ba dangi, su nemi abin yi, Adam da Eva kuma su ci gaba da azabtar da juna a nasu rassan har abada. Ba a ceci kowa ba, an dai ƙara wata duniya mai daɗi a gefe. Ba za ka ɗauki Deutsch don ya biya maka bashin motar, sannan ka sallame shi lokacin narkewa ba.

Wasu sun ce ai dama hatsarin Jonas da Martha ne suka jawo shi a wani zagayen, da suka ɓullo a tsakiyar titi. Dabara ce mai kyau, ta dace da ruhin zango na ɗaya, amma abin da aka nuna a allo ya saɓa mata: motar ta tsaya, an yi magana, an koma gida.

Hukuncinmu shi ne ƙarshen Dark ya karya dokar Dark. Duk da haka ba za mu ce a jefar da shi ba, domin ya bayyana abin da labarin yake a kai tun farko. Kowa a Winden yana ƙoƙarin dawo da wani da ya rasa: Ulrich ɗansa, Claudia 'yarta Regina, Jonas mahaifinsa, Katharina ɗanta, kuma duk wannan tashin hankali na shekara ɗari da ɗoriya daga uba ɗaya ya taso wanda suka rabu da ɗansa cikin fushi, bai sake ganinsa ba. Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Dark labarin mutanen da suka ƙi yarda ne, suka yi ta juyi don su ga ƙeyarsu. A matsayin wasan kwaikwayo, narkewar nan ta taɓa zuciya. A matsayin lissafi, ba ta fita ba, kuma masu kallo da ke kiran Schrödinger don su cike giɓin suna yi wa shirin hidimar da bai buƙata.

Ai mu ma muna da namu hasashen na wata duniyar, kuma abin mamaki shekararsa ɗaya da ta Tannhaus. Zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙu a Bompai ko Sharada, ba za a daɗe ba wani zai ce da Babangida bai kawo tsarin SAP a 1986 ba, da ba a karya darajar naira a watan Satumban shekarar ba, da yanzu jiniyar canjin aiki tana nan tana kaɗawa. Wani ya ce a'a, wutar lantarki ce ta kashe su. Wani ya ce atamfar fasa-ƙwauri ce da kayan Chana da suka cika Kantin Kwari. Ba mu da kogon da za mu shiga mu cire ɗaya mu ga abin da zai faru. Abin da mai bincike ke iya yi shi ne kwatance: masaƙun Kakuri a Kaduna sun bi hanya ɗaya, to me suka haɗa da na Kano? Ƙasashen da suka sha irin wannan tsari amma masaƙunsu suka rayu, me suke da shi da ba mu da shi? Me ya sa kamfanonin fata da na roba suka fi na tufafi juriya a unguwanni ɗaya, da wuta ɗaya? Irin wannan "da a ce" ana iya kusantar amsarsa, domin akwai abin da zai iya ƙaryata shi, kamar dai zancen Adam ba Jonas ba ne.

Akwai kuma ɓangaren Dark da ba ya buƙatar ko ƙwayar kwantum, kuma masu hasashe ba su cika kula shi ba: gangunan. Abin da aka binne a 1986 ya dawo ya ci jikoki a 2019. Sinadarin siziyam-137 da ake ambata a shirin, wanda hatsarin Chernobyl na Afrilun 1986 ya watsa a Turai, rabinsa yana rushewa duk bayan kimanin shekara 30, don haka a zagaye ɗaya na Winden ya ragu da fiye da rabi kaɗan. Kuromiyam da ake jima da shi, wanda bincike da dama suka samu a ruwa da lakar Challawa da Jakara, inda ake noman rani na latas da kabeji da alayyafo, shi ba ya rushewa. Yana iya canza siffa, ruwa ya kwashe shi ya kai gaba, amma wanda aka zubar shekara 33 da suka wuce yana nan a wani wuri.

Saura hasashe biyu da har yanzu ake tafkawa. A fitowar ƙarshe, a duniyar asali, waɗanda suka tsira suna cin abincin dare, wuta ta ɗauke, Hannah mai juna biyu ta ƙura wa wata rigar ruwa ruwan ɗorawa ido, aka tambaye ta sunan da za ta sa wa jaririn, ta ce Jonas. Wasu suka ce shi ke nan, zobe ya sake ɗaurewa. Ba zai yiwu ya zama Jonas ɗinmu ba, domin namu ɗan Mikkel ne, Mikkel kuma ba a haife shi a wannan duniyar ba. Mijin Hannah a nan Wöller ne. Suna ne kawai ya maimaitu, kamar yadda ake mayar da sunan mamaci a gidajenmu. Na biyun kuwa idon Wöller ɗin ne, ɗan sandan da ya shafe shirin da bandeji a fuska. An yi hasashe iri-iri, daga hatsarin tashar nukiliya har zuwa cewa shi ma matafiyin lokaci ne. Sau biyu yana buɗe baki zai faɗi abin da ya same shi, sau biyu ana katse shi, na biyun a wannan teburin cin abinci, daidai lokacin da wutar ta ɗauke.